Abubakar Ar-Razi: Daga Tukunyar Zaju Zuwa Buhun Supa

Duk wanda ya taɓa zama gaban malami a zaure ya ji sunan Ar-Razi, sai dai masu amsa sunan suna da yawa. Akwai Fakhruddin mai tafsirin Mafatihul Gaibi, wanda ya rasu a shekara ta 606 bayan Hijira. Akwai Abubakar Al-Jassas, malamin Hanafiyya mai Ahkamul Ƙur'an. Akwai Abu Hatim masanin hadisi, ga kuma mai ƙamus ɗin nan Mukhtarus Sihah. Nasabarsu duka tana komawa ga birni guda, wato Rayyu, wanda a yau birnin Tehran na ƙasar Iran ya haɗiye ta ɓangaren kudu. Wanda za mu kawo tarihinsa ba ya cikin waɗannan. Shi ne Abubakar Muhammad ɗan Zakariyya, likita kuma ma'abocin tanderu da tukwanen gilashi, wanda Turawa suka sani da suna Rhazes.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa manomin Funtua ko Malumfashi da mutumin da ya rasu sama da shekara dubu da suka wuce. Buhun taki ne ya haɗa su. Supa da ake zuba wa gyaɗa da waken suya, da wani kaso na kamfa da ake ba masara, ba sa samuwa sai an jiƙa dutsen fosfet da wani ruwa mai ci, wato asid ɗin salfa. Shi ne direbobi da makanikai ke kira ruwan batir idan an tsarma shi. Tsohon sunansa kuwa man zaju, kuma idan aka bi sawun sunan baya-baya, sai an ratsa ta ɗakin gwajin Ar-Razi.

Al-Biruni, wanda ya tattara sunayen littattafansa har 184, ya ce an haife shi a Rayyu ranar 1 ga Sha'aban, 251 bayan Hijira, daidai da 865 Miladiyya. Masu tarihi sun ruwaito cewa da ƙuruciya kiɗan udu ya fi ɗaukar hankalinsa, daga baya ya ajiye shi ya rungumi falsafa da alkimiyya. A zamaninsu alkimiyya na nufin sana'ar neman mayar da dalma da tagulla su zama azurfa ko zinariya. Daga wannan kalma ce Hausa ta samo kimiyya da muke faɗa a yau, ko da yake ma'anar ta yi nisa da inda ta taso. Al-Biruni ya nuna cewa yawan kusantar wuta da shaƙar hayaƙi masu kaifi ne suka fara taɓa masa ido, kuma neman magani ya ja shi zuwa ga likitanci. Ya shiga fannin da girmansa, amma bai daɗe ba ya wuce waɗanda suka riga shi.

Ya shugabanci asibitin Rayyu, ya kuma kusanci gwamnanta Mansur ɗan Ishaƙ na gidan sarautar Samaniyawa, wanda ya riƙe birnin daga 290 zuwa 296 bayan Hijira. Shi ya rubuta wa littafin Al-Mansuri, taƙaitaccen kundin likitanci mai ɓangare goma, da kuma Aɗ-Ɗibbur Ruhani a kan gyaran ɗabi'a. Ya kuma shugabanci asibiti a Bagadaza. Akwai wani labari da ya shahara, cewa an nemi ya zaɓi wurin gina asibiti, sai ya sa aka rataye yankan nama a unguwanni daban-daban, ya zaɓi inda naman ya fi jinkirin ruɓewa. Labarin yana da daɗin ji, amma masu bayar da shi sukan jingina shi ga asibitin Adudud Daula, alhali wannan sarki ba a ma haife shi ba sai bayan rasuwar Ar-Razi. Ibnu Abi Usaibi'a, mai tarihin likitoci, shi kansa ya lura da wannan saɓani na zamani.

Ibnun Nadim ya kawo sifar majalisinsa a cikin Al-Fihrist daga bakin wani dattijon Rayyu. Yakan zauna ɗalibai sun kewaye shi sahu-sahu. Mara lafiya zai fara gabatar da kukansa ga sahun waje. Idan sun gane ciwon shi ke nan, idan ya gagare su sai a miƙa shi ga na ciki, sai abin ya gagari kowa sannan malam ya yi magana. An siffanta shi da kyauta da tausayin talakawa, yana duba su ba tare da karɓar lada ba, har ya rubuta musu littafi na musamman, Man La Yahduruhuɗ Ɗabib, domin wanda ciwo ya kama a inda babu likita ya yi magani da abin da ke kusa da shi.

Abin da ya ɗaga shi sama da tsararrakinsa shi ne rubuta abin da idonsa ya gani. Risalarsa a kan agana da ƙyanda ita ce ta fara bambance cututtukan biyu dalla-dalla, aka kuma yi ta buga ta a Turai har cikin ƙarni na 18. A wani wuri ya ba da labarin marasa lafiya da suka nuna alamun ciwon da ya yi kama da sanƙarau: ya fitar wa wasu jini, ya bar wasu da gangan, domin ya gwada sakamakon biyun ya ga ko maganin na aiki. Bai kuma ji nauyin rubuta littafi guda na shakku a kan Jalinusu ba, babban likitan Girkawa da kowa ke ɗauka maganarsa yankan wuƙa ce. Da wannan hali ya shiga ɗakin alkimiyya.

Littattafan alkimiyya kafin shi cike suke da zaurance. Marubutansu kan kira zaiba da farar wuta da sunayen tsuntsaye da taurari, su warwatsa bayani guda a littattafai goma don kada wanda bai cancanta ba ya gane. Ar-Razi ya rubuta Kitabul Asrar da Sirrul Asrar da harshen da mai sana'a zai iya bi. Ya fara da sanin kayan haɗi, ya bi da sanin kayan aiki, sannan hanyoyin aikin. Ya raba kayan haɗi zuwa na ƙasa da na tsiro da na dabba. Na ƙasa ya kasa su gida shida. Na farko ruhohi, wato masu tashi idan sun ji wuta: zaiba da farar wuta da zarniki da nushadir. Sai jikkuna, wato ƙarafa irin su zinariya da azurfa da tagulla da dalma. Sai duwatsu, cikinsu har da tozali. Sai dangin zaju. Sai dangin bauraƙ, inda ɗan'uwan kanwarmu yake. Sai gishiri iri-iri. Nushadir ɗin nan, wanda maƙera ke amfani da shi wajen liƙin ƙarfe, shi ne asalin kalmarmu ta sinadari, wadda yanzu ta zama sunan kowane irin haɗi.

Ya lissafa kayan aiki ɗaya bayan ɗaya: ƙar'u, tulun gilashi mai siffar duma da ake zuba haɗi a ciki, ambiƙ, murfi mai dogon baki da tururi ke taruwa a cikinsa ya koma ruwa, ƙabila, kwalbar da ke tarar abin da ya ɗigo, ga tanderu da zuga-zugi da turmi da ma'auni. Yakan faɗi nauyin kowane abu, da irin wutar da za a hura, da tsawon lokacin da za a jira. Bajamushen nan Julius Ruska ya fassara littafin zuwa Jamusanci a 1937, littafin da ya fi kama da jagoran ɗakin gwaji na zamani fiye da littafin asiri.

To, mene ne zaju? Wani irin gishiri ne mai ƙyalli kamar gilashi da ke fitowa a bakin ramukan haƙar tagulla da ƙarfe. Masu tawada da majema sun san shi tun da daɗewa, domin idan ya haɗu da ruwan jima yakan ba da baƙi wuluk, kamar yadda ƙarfe da bagaruwa ke yi. Ar-Razi ya bambance nau'o'insa da launi da suna: kore shi ne ƙalƙand, fari ƙalƙadis, rawaya ƙulƙuɗar, ja suri, ga baƙi, ya kuma haɗa da shabbu, wato alif. A ilimin yau an san cewa dukkansu ƙarfe ne ko tagulla ko makamancinsu a ɗaure da salfa da oksijin. Idan aka gasa koren zaju a cikin tulu, ruwan jikinsa ne ke fara fita, sai ya yi fari. Idan aka tsananta wuta sai wani farin hayaƙi mai shaƙe maƙogwaro ya tashi, jan gari ya rage a gindin tulun. Hayaƙin nan idan ya haɗu da ruwa a cikin kwalbar tara, shi ne asid ɗin salfa.

A nan ya kamata a auna magana. Sau da yawa akan karanta a shafukan sada zumunta, har da wasu littattafan makaranta, cewa Ar-Razi ne ya ƙirƙiro wannan asid. Abin da ya tabbata a littattafansa shi ne ya tsara dangin zaju, ya gasa su, ya tatsi tururinsu tare da gishiri da nushadir, ya kuma keɓe babi ga abin da ya kira ruwaye masu kaifi, waɗanda ke narkar da abubuwa masu tauri. Masana tarihin kimiyya sun saɓa a kan ko ya ware man zaju shi kaɗai a matsayin abu mai zaman kansa. Da yawansu na ganin bayani ƙarara a kan asid masu ƙarfi ya fito ne a rubuce-rubucen Latin na ƙarshen ƙarni na 13, wasunsu ɗauke da sunan Jabir ɗan Hayyan. Wasu kuma, irin su masanin Siriya Ahmad Yusuf Al-Hassan, sun kawo hujjar cewa tushen waɗannan rubuce-rubucen Larabci ne. Ko wane ɓangare aka bi, kayan haɗin da tukwanen da tsarin aikin daga hannun su Ar-Razi suka fito, har sunayen ambiƙ da ƙulƙuɗar suka shiga harsunan Turai. Wannan ya ishe shi daraja, ba ya buƙatar a ƙara masa abin da bai yi da'awa ba.

Shi kansa ba asid yake nema ba, zinariya yake nema. Ya yi imani cewa ana iya juya ƙarfe, ya rubuta raddi ga Al-Kindi da ya ƙaryata hakan. Ibnun Nadim ya ruwaito ra'ayinsa cewa mai falsafa bai cika ba sai ya san wannan sana'a, domin ita za ta wadatar da shi daga miƙa hannu ga mutane. Ibnu Sina da Ibnu Khaldun daga baya sun yi watsi da da'awar juya ƙarfe, kuma gaskiya tana wajensu. Babu zinariyar da ta taɓa fita daga tulun Ar-Razi.

Akwai kuma batun aƙidarsa, wanda bai dace a tsallake ba. An san shi da ra'ayin cewa abubuwa biyar ne marasa farko: Mahalicci, da rai, da asalin jiki, da zamani, da wuri. Wannan ya ci karo da abin da Musulmi suka haɗu a kai, cewa Allah Maɗaukaki Shi kaɗai ne marar farko, kuma malamai irin su Ibnu Hazm sun yi masa raddi. Mafi nauyi shi ne zargin cewa ya soki annabci. Al-Biruni ya ware littattafai biyu a jerinsa ya sa su ƙarƙashin babin kafirci. Littattafan ba su iso gare mu ba. Mafi yawan abin da aka sani ya zo ne ta bakin abokin jayayyarsa, Abu Hatim Ahmad ɗan Hamdan, mai da'awar Isma'iliyya, a littafinsa A'alamun Nubuwwa. Wannan ba shi ne Abu Hatim na hadisi ba. Saboda haka wasu masu bincike na zamani suke ganin an zuzuta maganar, suna nuni da cewa a cikin jerin littattafansa akwai wanda ya rubuta don tabbatar da cewa ɗan'adam yana da Mahalicci Mai hikima. Magabata dai ba su rikice ba. Sun ƙi falsafarsa a fili, sun kuma ci gaba da karantar da likitancinsa a asibitocin Bagadaza da Dimashƙa da Alƙahira, har Ibnu Khallikan ya ambace shi a matsayin jagoran zamaninsa a fannin magani.

A ƙarshen rayuwarsa ya rubuta wata 'yar risala, As-Siratul Falsafiyya, yana kare kansa daga masu cewa rayuwarsa ba ta dace da ta masu hikima ba. A ciki ya faɗi cewa ya taɓa rubuta sama da warƙa dubu ashirin a shekara guda, ya kuma shafe shekara goma sha biyar dare da rana a kan babban kundinsa, har ganinsa ya raunana, jijiyar hannunsa ta saki, ya koma sai an karanta masa, an rubuta masa. Yanar ido ta rufe shi gaba ɗaya. An ruwaito cewa wani mai aikin ido ya zo zai yi masa, ya ƙi. Ya rasu a Rayyu ranar 5 ga Sha'aban, 313 bayan Hijira, daidai da 925 Miladiyya.

Takardun da ya bari suna hannun 'yar'uwarsa har waziri Ibnul Amid ya saye su, ya sa ɗalibansa suka tsara su. Su ne suka zama Al-Hawi. Wani likita Bayahude, Faraj ɗan Salim, ya fassara shi zuwa Latin a Sisili a 1279, aka buga shi a Brescia ta Italiya a 1486. Bugun Larabci kuwa sai a 1955 aka fara fitar da shi a Haidarabad ta Indiya, cikin juzu'i sama da ashirin.

Zaju ma ya ci gaba da tafiyarsa. Ƙarnuka da dama Turawa suna gasa koren zaju suna tatsar mansa, garin Nordhausen na Jamus har ya yi suna da wannan sana'a. Amma hanya ce mai cin itace da tukwane, abin da take bayarwa kaɗan. Sai aka gano cewa ƙona farar wuta tare da gishirin albarushi a kan ruwa yana ba da asid ɗin nan dai. A 1736 Joshua Ward ya fara yin haka a manyan tulunan gilashi kusa da Landan. A 1746 John Roebuck na Birmingham ya maye gurbin gilashi da ɗakuna da aka lulluɓe da dalma, farashi ya faɗi warwas. A 1831 wani mai sayar da ruwan tsami a Bristol, Peregrine Phillips, ya yi rajistar dabarar da masana'antu ke bi har yau, ko da yake sai a ƙarshen ƙarnin kamfanin BASF na Jamus ya iya tafiyar da ita a babban sikeli.

Yadda ake yi yanzu shi ne a narkar da farar wuta, wadda galibi daga matatun mai da gas ake samo ta, a fesa ta cikin tanderu tare da busasshiyar iska. Hayaƙin da ya fito sai a bi da shi ta kan shimfiɗun ƙwayoyin banadiyam a zafin da ya kai kusan digiri 450, inda zai ƙara ɗaukar oksijin ya zama irin farin hayaƙin da ke tashi daga tulun zaju. Ba a tura shi cikin ruwa kai-tsaye, domin zai zama hazo mai ƙuna da ba ya kamuwa. Asid mai ƙarfin kashi 98 cikin ɗari ne ke tsotse shi, sannan a riƙa ƙara ruwa da lissafi. Duniya na samar da sama da tan miliyan 200 a shekara, kuma fiye da rabi taki ake yi da shi. Sauran yana tafiya ga batir, da tace mai, da sarrafa ma'adinai, da alif ɗin da hukumomin ruwa ke tace ruwan famfo da shi.

Haɗuwarsa da noma ta faro ne a 1842, lokacin da John Bennet Lawes na Ingila ya yi rajistar jiƙa ƙashi da dutsen fosfet da wannan asid. Dutsen fosfet ba ya narkewa a ruwa, saiwa ba ta iya shan sa da sauri. Asid ne ke kwance shi. Abin da ya fito shi ne supa, mai ɗauke da fosfet kashi 16 zuwa 20 cikin ɗari da salfa wajen kashi 11. Ƙasar noma ta Arewa kuwa tana da ƙarancin duka biyun, abin da binciken cibiyar Samaru ta Zariya ya daɗe da nunawa.

A 1975 aka buɗe shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, tare da na Gusau da na Gombe. Shirin ya game Funtua da Bakori da Malumfashi da Ƙanƙara da Faskari, ya gina cibiyoyin sayar da kayan noma da hanyoyin karkara, ya kai taki mai rangwame kusa da manomi. A wannan zamani ne masara ta tashi daga bayan gida ta mamaye gonakin da dawa da auduga suka saba riƙewa. A 1976 kamfanin supa na Gwamnatin Tarayya da ke Kaduna ya fara aiki, an gina shi don fitar da tan 100,000 a shekara, yana da sashensa na yin asid daga farar wuta. Kamfanin ya yi shekaru yana tangal-tangal, daga bisani aka sayar da shi ga 'yan kasuwa a zamanin mulkin farar hula na Obasanjo.

Yau Najeriya na yin yuriya mai yawa a Legas da Fatakwal, domin ita daga gas ake yin ta, ba ta buƙatar wannan asid. Fosfet kuwa, tun yarjejeniyar Disambar 2016, akasarinsa daga Maroko jiragen ruwa ke kawo shi, bayan an gama jiƙa shi da asid a masana'antun Jorf Lasfar. Aikin injinan cikin gida shi ne gauraya shi da yuriya da sauran haɗi a ɗura a buhu. Shi ya sa idan dala ta motsa, ko farashin farar wuta ya tashi a kasuwar duniya, manomin Dandume da Ƙafur ke jin sa a aljihunsa tun kafin ruwan shuka ya sauka. Dutsen fosfet ɗin kansa akwai shi kwance a ƙasar Dange da Shuni ta Jihar Sakkwato, da kuma yankin Tawa a Jamhuriyar Nijar.